Tulin Ƙasa a Gonar Maccido

Jega Magaji, Satumba 1985

Baba Iliya,

Ka taɓa durƙusawa gaban tulin ƙasa da ƙaya a kansa, ba suna, ba gicciye, ka buɗe baki ka ce masa "Baba"? In ba ka taɓa ba, da wane baki kake aiko mini da haƙuri ta hannun Lawali direba kamar ana aiko da gishiri?

Na san gaisuwa ce ya kamata ta zo gaba. To, ina gaishe ka, ina gaishe da Mama Florence. Da fatan ƙafarka ta yi sauƙi, da fatan 'yan makarantarku na Maiyama ba su gama cinye maka murya ba. Ni lafiyata lau, in dai wannan ake kira lafiya. Aiki a tasha sai godiya. Damina ta ɓata hanya, motoci na karyewa, bakanike na cin abinci.

Shekara ta zagayo har ta gota tun da kububuwa ta sari ƙanenka, ubana, a gonar Malam Maccido a Jandutsi, yana duba musu dawa, aikinsa na malamin gona. Ni ina Kontagora kwance ƙarƙashin motar da ta ƙi tashi. Kafin labari ya iske ni kun riga kun rufe shi a ƙarshen gonar, cikin ruwan sama, don Kirista ba shi da maƙabarta a ƙasar nan, ruwa kuma ya yanke hanya balle a kai shi gida. Ban zarge ka a kan wannan ba. Abu guda na roƙa tun ran da na dawo: a bar ni in zuba siminti, in kafa gicciye, in rubuta SAMUEL. Ka ce a jira, ikilisiya ta kai takarda ofis tana neman fili, in anka ba mu sai a san abin yi. Rani ya wuce, a jira. Damina ta dawo, a jira. Mai sa hannu ya tafi Sakkwato, a jira. Ya dawo, an canja shi, sabon bai san da zancen ba. Ku kuma dattawa kun zauna kun naɗe hannu kuna kiran wannan bangaskiya.

Ni ban zauna aji kamar ku ba. Da littafin addu'ar Baba da rubutun jikin motoci na koyi haɗa baƙi. Amma abin da na karanta na karanta, ban ga inda anka ce ɗa ya bar ubansa kamar an binne akuya ba.

Bari in faɗa maka abin da ban faɗa wa kowa ba. Ina ganinsa. Ba mafarki ba, da rana tsaka, a tasha. Yana tsaye tsakanin motocin Aliero da rumfar mai shayi, da kakinsa na aiki, wando jiƙe da laka har gwiwa, yana riƙe da kekensa. Ba ya kallona. Hanya yake kallo, kamar mutumin da anka ce masa mota na nan tafe. In na ajiye sifana na miƙe, sai in ga buhunan albasa kawai.

Ka gaya mini wata, ka gaya mini rana. Kar ka sake aiko mini da haƙuri, na ƙoshi.

Ɗan ƙanenka,
Sila

Maiyama, Oktoba 1985

Ɗana Sila,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Wasiƙarka ta iso, mun gode Allah da kake lafiya. Ƙafar tana nan yadda ka bar ta, wata rana ta yarda, wata rana ta ƙi. Mamanka tana gaishe ka, ta ce ka riƙa cin abinci, ba shayi da burodi ba.

Zafin da kake ji ina jinsa. Kafin ya zama ubanka ƙanena ne, ni na goya shi. Amma akwai abin da ba ka gani ba, ni na gani. Ran nan mutanen Jandutsi sun taru a ƙofar gidan Malam Maccido, wasu suna cewa a ɗora gawar a amalanke a kai Jega, ko ina ne dai ba nan ba. Tsohon nan ya miƙe ya ce, "Baƙona ne, a gonata ya faɗi, a gonata zai kwanta." Mutanensa suka haƙa, ruwa na dukansu, dawa ta fi tsayinmu. Ni kaɗai ne Kirista a wurin. Na yi addu'a, suka ja baya suka tsaya shiru har na gama. Ƙasar nan aro ce, Sila. In ka kafa gicciye inda duk mai wucewa zai hango, gobe za a ce Maccido ya mai da gonar ubansa majami'a. Ba za mu saka wa mutumin da ya rufa mana asiri da wannan ba.

Ka ce mun naɗe hannu. Ina zuwa ofishin nan, ina zama a benci, ina dawowa. Wannan ma aiki ne, ko da yake ba ya barin baƙin mai a hannu. Kai bakanike ne. In mota ta yi zafi tana tururi, nan take kake buɗe murfin lagireto? Ba don ba ka damu da motar ba kake jira.

Mu Kirista duk rayuwarmu jira ce. Muna jiran Wanda ya ce zai dawo, bai kuwa ba mu wata ko rana ba, kuma ba mu ce ya yi ƙarya ba. Ubanka ma jira yake yi. Ba a yar da shi ba, an kwantar da shi ne, kuma Mai tashe shi ba ya bukatar karanta suna a siminti.

Abu ɗaya nake roƙonka. In za ka Jandutsi, kada ka bi ta bayan gari. Ka shiga gidan Malam Maccido, ka cire takalmi, ka gaishe shi, ka sha ruwansa, ka bari shi da kansa ya kai ka wurin. An ce mini ba ka taɓa taka ƙofarsa ba. Ka yi wannan tukuna, sauran sai in na zo.

Game da abin da kake gani a tasha, ka yi addu'a, ka kuma samu barci.

Ubanka,
Iliya

Jega Magaji, Nuwamba 1985

Yaya Jane,

Ina gaishe ki, ya aiki, ya masu ciwo na Aliero? Da fatan har yanzu kina yi musu allura da hannun nan naki mai nauyi, Allah ya ba su haƙuri. Ni ina nan.

Babanki ya ba ni amsa. Lagireto! Na tambaye shi kabarin ubana, ya kawo mini lagireto. Ki gaya masa lagireto na hucewa kafin mutum ya shanye kofin shayi. Wai kuma in je in cire takalmi in durƙusa wa mutumin da ubana ya mutu yana yi wa bauta a gona. Macijin gonarsa, sakacin mutanensa da sunka tsaya neman saiwar magani maimakon su nemi mota, ni kuma in je in ce na gode? Hanyata nake bi ta gefen fadama, in faɗa gonar ta ƙarshe, in yi addu'ata in fito. Ba ni da abin faɗa wa kowa a garin nan.

Ko da ina da shi ma, an gama. Maccido ya rasu makon jiya. A tasha na ji, wajen masu lodin albasa. Ba zan yi miki ƙarya in ce na yi kuka ba, amma nan take na gane abin da munka rasa. Duk abin da Baba Iliya ya jingina da shi, bakin tsohon nan ne. Yanzu gona ta koma hannun ɗansa Surajo, wanda shi ma ba ya gari ran da anka rufe Baba, yana kudu neman kuɗi. Surajo ya sayo injin ban ruwa. An ce da zarar an yanke dawa zai baje gonar duka ya ja fangali, ya dasa albasa tun daga bakin fadama har iyaka. Kin san yadda ake fangali, ƙasa sai ta kwanta sumul kafin ruwa ya bi. Tulin ƙasa ba ya tsira a wurin. Nan da Kirsimeti ana ban ruwa bisa ƙirjin ubana, a watan Maris a cire albasa a kawo tasha ni in gyara motar da za ta ɗauka.

Ganin nan kuma ya ƙaru. Shekaranjiya ina ƙarƙashin mota na hangi ƙafafunsa, takalmin robar nan da ya ɗaure da waya, laka na ɗiga, a kan ƙasar da ta bushe tun watan jiya. Na kira shi, Yaya. Na ce Baba. Yaran tasha sunka yi ta dariya, sun ɗauka maigidana nake kira.

Na sayi siminti. Ban gaya miki don ki hana ni ba. Na gaya miki don in akwai wanda zai ce ban yi shawara da kowa ba, ki ce na yi.

Ƙanenki,
Sila

Aliero, Nuwamba 1985

Sila,

Lafiya lau nake, aiki da godiya. Hannuna kuwa, ka zo in gwada maka shi, ko allura ɗaya ta sauke maka wannan zafin kai.

Wannan ba shawara ba ce, sanarwa ce, kuma ban karɓa ba. Kullum ina ganin irinka a nan. A kawo mutum garin nan wajen masu ɗori, a ɗaure masa ƙafa, a ce ya kwanta. Kwana kaɗan ya ji zafi ya ragu ya kwance karan ɗorin ya taka. Sai a kawo mana shi ɗakin shan magani ƙafa ta kumbura kamar turmi, yana zagin mai ɗori.

Akwai abin da Baba ya hana a faɗa maka, ni kuwa zan faɗa. Ba ƙafa kaɗai ba ce. Idonsa ya yi hazo tun bara. A aji, yara ne ke rubuta masa a allo. Wasiƙunka Mama ce ke karanta masa, kuma in ta zo inda bakinka ya yi kaifi sai ta tsallake, don haka rabin zaginka a cinyarta yake tsayawa. Ita ce kuma ke riƙe alƙalami in zai ba ka amsa. Mutumin da kake cewa ya naɗe hannu, riƙe masa hannu ake yi a sa shi mota ya je ya zauna a bencin ofis. Da ya ji rasuwar Malam Maccido, ranar bai ci abinci ba. Ya ce da an yi hutun makaranta zai je ta'aziyya, ya zauna da Surajo.

Hutu saura kaɗan. Ka jira shi. In ba ka iya jiransa, ka je kai ka yi wa Surajo ta'aziyya, shi ma uba ya rasa kamar kai. Ka tambaye shi, ka tambayi tsofaffin gidan. Baki ne da kai, Allah ya sani, ka yi amfani da shi sau ɗaya wajen tambaya.

Nima ina kewar Baba Samuel. Shi ya kawo ni garin nan a bayan kekensa ran da na kama aiki, ya tsaya sai da ya ga an ba ni ɗaki. Ba kai kaɗai aka yi wa mutuwa ba.

Kar ka taɓa wurin nan.

Yayarka,
Jane

Jega Magaji, Disamba 1985

Yaya Jane,

Gaisuwa. Ba ni da lafiya, amma ba irin wadda kike magani ba. Wasiƙarki ta kwana biyu a aljihun Lawali, ta kwana biyu a nawa. Na karanta ta. Ba zan ce ta makara ba.

Ran Juma'a na je, lokacin da maza sunka tafi masallaci. An yanke dawa, gona fayau. Na kwashe ƙayar da ke kan tulin, na ɗebo ruwa a fadama, na kwaɓa siminti, na shafe shi tas. Gicciyen na ƙarfe ne, ni na yi waldarsa da kaina. Na kafa, na rubuta sunan da ƙusa tun siminti na ɗanye. Da na ja baya na duba, wallahi Yaya, rabon da in ji numfashina ya kai ƙasa haka tun bara.

Ran Lahadi bayan sujada na koma in zuba masa ruwa kada ya tsage. Tun daga nesa na hangi mutane. Wata tsohuwa na zaune a ƙasa gaban simintin, ta miƙe ƙafafu, ba ta kuka da ƙarfi, wani irin nishi take yi. Surajo na tsaye da fartanya. Da ya gan ni ya yo kaina, wasu dattawa biyu sunka riƙe shi.

Ya ce, "Kai ne ɗan malamin gona? Kai kay yi wanga aiki?"

Na ce, "Ni ne. Ubana ne, in ka isa ka taɓa."

Ya ce, "Ubanka? Ubanka mace ne? Kai, ku sake ni in ga wanga mahaukaci da kyau!"

Tsohuwar ce ta ɗago. Kubura sunanta, ƙanwar Maccido. Ta ce, "Yaro, wagga uwata ce. Gudiya. Ita tar roƙi a sa ta cikin gonar mijinta, shekaru ke nan. Ni ka zuwa ina sake mata ƙaya duk damina. Mi tay yi maka?"

Yaya, ban san sa'ad da na zauna ba.

Na ce to ina nawa? Ta ce tulin Baba bai yi wata guda ba. Da surutu ya yi yawa a gari, wasu na cewa sai an tone, Maccido ya ɗauki fartanya shi kaɗai ya baje ƙasar ta yi daidai da gona, ya ce abin da ido bai gani ba hannu ba ya taɓawa, in dattijon Maiyama ya zo da takardar fili shi zai nuna masa. Lokacin da na dawo daga Kontagora, anka ce mini "can ƙarshen gona, wajen gawo," na kutsa cikin dawa na ga tuli da ƙaya, na durƙusa. Shi ke nan. Shekara da watanni ina kai wa tsohuwar mutane kukana, ina ce mata Baba.

Na ce, "Kuna ganina ina zuwa, mi ya hana ku faɗa mini?"

Kubura ta ce, "Daga nesa muka hangenka, ka shigo ta fadama awa ɓarawon rogo, ka fita ta fadama. Mu mun aza ka san wurin. Wa ka gaisar balle shi gaya maka?"

Dattawan nan biyu, Muntari da Shehu, suna cikin waɗanda sunka haƙa. Na roƙe su su nuna mini. Muntari ya taka ya tsaya gabas da gawon farko ya ce nan. Shehu ya ce, "A'a, kai dai tsufa ya kama ka, wancan gawon ne, wanda tsawa ta tsaga." Sunka tsaya suna gardama, tsakaninsu ya kai tsawon tirela biyu. Cikin dawa sunka haƙa, cikin ruwa, ba wanda ya ɗaga kai ya duba itace.

Surajo ya sa aka kawo guduma, ya jefa ta gabana. Ya ce, "Hannun da yas sa shi shi ka cire shi." Na fasa. Na fara da sunan. Duk dukan da na yi sai tsohuwar ta ce wash, kamar ita nake duka. Da na gama na kwashe ɓaraguzan a rigata, ta ce in je in saro ƙaya in mayar. Na saro, na mayar. Ba wanda ya taɓa ni. Da sun doke ni da ya fi.

Ki aika wa babanki. Ni ba ni iya rubuta masa yau.

Sila

Maiyama, Disamba 1985

Ɗana Sila,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Jane ta zo da kanta ta karanta mini wasiƙarka, ba ta tsallake ko kalma ba. Ban san Malam Maccido ya baje wurin ba. Rabona da gonar tun ran jana'iza.

Ba zan yi maka faɗa ba, gudumar ta riga ta yi. Jiya an kai ni Jandutsi. Na yi ta'aziyya, na durƙusa gaban Kubura da wannan ƙafar tawa, ta ce ta yafe, yaro ne, maraici ne. Surajo bai ce ya yafe ba, amma ya ce ƙarshen gonar, daga gawo zuwa gawo, ba zai ja fangali a wurin ba bana. Zai bar shi haka har mu san abin da muke ciki. Ka san abin da wannan yake nufi ga mai sabon inji. Ka riƙe wannan a ranka.

Rana ta yi zafi, ba a kai ni cikin gonar ba. Za mu sa lokaci.

Ɗana, addu'ar da ka yi a gaban tulin nan ba ta faɗi ƙasa ba. Ba tuli kake roƙo ba. Wanda ya ji ka ya san inda Samuel yake, ya san inda Gudiya take, ba ya rikita su. Abin da ya rage mana shi ne abin da ya rage wa kowane mai bi tun farko: mu tsaya a inda ba mu gani, mu jira, kada mu ce an manta da mu. Yana da wuya. Ban taɓa ce maka yana da sauƙi ba.

Za mu haɗu a Jega ran Kirsimeti, in Ubangiji ya yarda, tunda bana a can ne 'yan Aliero da Maiyama za su taru. An ba ni wa'azi.

Ubanka,
Iliya

Jega Magaji, Disamba 1985

Baba Iliya,

Ina gaishe ka, ina gaishe da Mama. Na gode da ka je, na gode da gwiwar da ka sa ƙasa saboda ni. Wannan ba zan manta ba. Mama, in ke ce ke karantawa, don Allah wannan karon ki karanta duka.

Na sake komawa Jandutsi. Ta ƙofa na shiga. Na cire takalmi, na yi wa Surajo ta'aziyya, matarsa ta kawo ruwa na sha. Bai yi mini fara'a ba, amma ya raka ni har gona. Injinsa na ta ƙara, fangali sun kwanta layi layi, dashen albasa ya fara miƙewa kore shar, ruwa na bin kwalbati yana sheƙi. Sai can ƙarshe, wani busasshen fili tsirara tsakanin gawo da gawo, kamar inda anka aske kai anka bar tabo. Ya ce, "Ga gonar ubanka nan. Ni ban san mi za ni ce ma masu tambaya ba." Ya juya ya koma wajen injinsa.

Na tsaya a bakin filin na kasa shiga. Duk inda zan sa ƙafa sai in ji kamar bisa fuskarsa zan taka. Dā ina da wurin durƙusawa, ko da na ƙarya ne. Yanzu a tsaye na yi addu'a, daga gefe, kamar baƙon da ba a ce masa shigo ba. A tasha kuma na daina ganinsa tun ran da na fasa simintin. Ina ɗaga kai ina dubawa tsakanin motoci, ba kowa. Na ɗauka in ya daina zuwa zan huta. Ban huta ba.

Ka yi gaskiya a kan gicciye, ka yi gaskiya a kan gaisuwa. Na faɗa, ba sai an matse ni ba. Amma na karanta wasiƙarka har ta fara yagewa a ninki. Ka ce Allah ya san wurin. Ka ce rana ta yi zafi. Ka ce za mu sa lokaci. Abu ɗaya ne ban gani ba a ciki: ba ka ce kai ka san wurin ba. An kai ka har Jandutsi, gonar na bayan gida, ba ka shiga ba. Kai kaɗai ne namu da ya tsaya a bakin ramin nan. Maccido ya tafi, Muntari da Shehu kowa da gawonsa. In kai ma babu, to takardar da kake bi a ofis, ko an sa mata hannu gobe, wa za mu ɗauka mu kai sabon filin?

Surajo ya bar ƙasarsa ba shuka yana jiranmu. Kubura na jira ta ga ko za mu sake taɓa mata uwa. Ni ina jira. Duk muna jiran bakinka, kai kuma kana cewa mu jira. In jiran nan na bangaskiya ne, zan koya, ko zai kashe ni. Amma ba zan iya koyonsa a hannun wanda ban sani ba ko jira yake yi ko ɓoyo.

Ran Kirsimeti zan zauna a bencin gaba. Ba zan yi hayaniya ba, na yi wa Yaya Jane alkawari. Da ka miƙe, kafin ka ce wa mutanen Jega da Aliero da Maiyama komai a kan haƙuri, zan miƙe nima in tsaya shiru. Ba zan zauna ba sai ka amsa, a gabansu, da muryarka, ba ta alƙalamin Mama ba. In ka san inda ƙanenka yake kwance, ka ce ka sani, washegari in goya ka a bayana har gonar ka sa sandarka a wurin. In ba ka sani ba, ka ce, "Ban sani ba," kowa ya ji, mu je tare mu gaya wa Surajo ya saki ruwansa. Bayan nan sai ka yi wa'azinka, ka gaya mana yadda mai bi yake jiran tashin wanda ko kabarinsa ba shi da shi. A ranar zan saurare ka har ƙarshe.

Baba, ka sani ko ba ka sani ba?

Sila